Ka Cire Sunanka, Barista

"Duba nan," Batula ta miƙa mata waya. "Wanga ba angonki ba ne?"

Humaira ta yar da tsintsiya ta karɓa. Shi ne kuwa. Barista Suhaibu Maccido, a sabon shafin intanet da aka buɗe don jama'a su tantance lauyan gaske kafin su damƙa masa shari'a. Ga shekarar da ya samu lasisi, ga fannin da ya ƙware, gado da rikicin gona. A ƙasa kuma ga lambar wayarsa, wadda ita sai da ya yi wata biyu yana zarya kafin ta yarda ta karɓa.

"Yanzu duk macen da ke da waya tana da shi," in ji Batula, ɗiyar baffanta. "Akwai wata Sauda daga Kebbe. Jiya an gan su tashar Tambuwal, shina buɗe mata ƙofar mota..."

Humaira ta mayar mata da wayar.

Saura mako uku ɗaurin aure, kuma da ƙyar mahaifinta Malam Na'Allah ya amince, don shi a ganinsa lauya mai mai da baƙi fari ne.

Bayan la'asar Suhaibu ya zo zaure da murmushinsa. Ko gaisuwa Humaira ba ta amsa ba.

"Ka cire sunanka daga shafin nan."

"Haba Humairata, mi ya yi zafi?"

"Wace ce Sauda?"



"Aiki nika yi mata. Abin da ya wuce haka amana ce, ba ni da izinin faɗi."

"Har ni?"

"Har ke, hasken idona."

"Kyakkyawa ce?"

Ya kau da kai, abin da ya fi mata zagi ciwo.

"Sunana ba zai fita ba," ya ce a hankali. "Mutanen ƙauye sun sha wuya hannun lauyoyin bogi."

"To ka auri shafin!"

Ta shige gida da kuka. Inna ta ji, Malam ya ji, kafin magariba ya aika Sanyinna, garin su Suhaibu, cewa a dakatar da biki.

Kwana huɗu Humaira ba ta cin abincin kirki. Ta buɗe shafin ta rufe, ta sake buɗewa, tana ƙiyasta matan da ke kallonsa daidai lokacin.

Rana ta biyar da hantsi aka yi sallama. Matashiya ce doguwa, da goyo a baya. Kyakkyawa kuwa.

"Ni ce Sauda. Na ji an ce ni na watsa maku aure."

Ta zauna bakin tabarma, ta sauke yaron.

"Mijina ya rasu bara. 'Yan'uwansa sun ƙwace gonar marayan ga. Wani ya ce mani shi lauya ne, ya karɓe takarduna, ashe mutuminsu ne. Da aka duba shafin, babu ko sunansa. Nan na ga Barista. Ni na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, don sun ce in na kai ƙara za su ɗauke mani ɗa."

Humaira ta kasa ɗaga kai.

"Wa ya ce maki an fasa?"

"Wata Batula. Ta iske mu ofis da kwanon tuwo, tana ba Barista haƙuri, wai ita tana nan in yana neman mai hankali. Ko buɗe kwanon bai yi ba."

Daga ƙofar turaka Malam ya yi gyaran murya.

"Wanda ya yarda aurensa ya tsaya don ya rufe sirrin marayu, ban da abin cewa a kansa. A kira mani shi."

Da Suhaibu ya zo, Humaira ta durƙusa, idonta jawur.

"Ka yafe mani, Barista."

"Na yafe tun ranar, sarauniya."

"Yaushe za ka koma Kebbe?"

"Talata bayan biki."

"Da ni za ka tafi."

"Kotu ce fa, Humaira."

Ta share hawaye da bakin hijabi.

"Na sani. Ai akwai benci."