Tagar da Auta Ta Sauya wa Suna

"Har yanzu ba ta fito ba?!"

Auta ta sake danna firinta karo na biyar. Shiru. Jan rubutu ɗaya ne a fuskar kwamfuta: babu taga mai wannan suna.

A bakin sito motoci tara sun yi layi, direbobi sai hon suke yi. In babu takardar lodi, ko kwali ɗaya ba ya barin kamfanin.

Ta san ta'asar da ta yi. A rumbun bayanan kamfanin akwai abin da suke kira taga, ta nan manhajar sito ke leƙa kayan da ke ƙasa. Jiya da rana ta ga sunan tagar ya cika tsawo, ta sauya shi, ba ta duba abubuwan da ke kiranta da tsohon suna ba. Kuma a kwamfutar Injiniya ta yi, tata tana wajen gyara.

Injiniyan nan shekara biyu ke nan yana neman aurenta, Kawunta, manajan kamfanin, yana cewa a dakata.

Sai ga Injiniyan ya faɗo ofishin yana haki.

"Zuciyata, kar ki ce komai. Sunana ne a rajistar kwamfuta."

"Amma ai ni ce na..."

"Ki yi shiru, don Allah! Ni in an kore ni zan samu wani wurin. Ke kuwa a gidan Kawunki kike kwana."

Ta mayar da tsohon sunan. Jan rubutun ya sauya salo: ba ku da izinin buɗe wannan taga. Ashe izinin ma'aikatan sito ya goge tun jiya, kuma Injiniya kaɗai ke iya mayar da shi.

Ya zauna zai shiga rumbun bayanan. An rufe masa hanya.

Aikin Ɗan Kwalisa ne, mataimakin manaja, wanda Kawu ya fi so ya aura wa Auta. Jiya da idonsa ya ga Auta a kujerar Injiniya, amma ya buga rajistar ya kai wa Kawu bai ambace ta ba. Mai neman kujerar wani ba ya gyara masa ƙafarta.

Aka kira su ofishin Kawu.

Kawu bai ko ce su zauna ba.

"Kai ka taɓa tagar?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Ajiye katin shigarka a nan, ka kama gabanka."

"Na sha faɗa maka, ranka ya daɗe," in ji Ɗan Kwalisa yana gyara wuyan riga, "soyayya da aiki ba sa zama kujera ɗaya."

Injiniya ya ciro katin. Auta ta ji kamar ranta ake cirowa.

"Kawu, ni ce!"

"Auta, don Allah..."

"Bar ni, masoyi! Kawu, ni na sauya sunan, da kwamfutarsa. Ga wanda ya gan ni nan tsaye, har cewa ya yi kujerar ta yi mini kyau."

Kawu ya juya wajen Ɗan Kwalisa a hankali.

"Ka gan ta?"

Ɗan Kwalisa ya shiga laluben aljihu kamar amsar na ciki.

"Je ka buɗe masa hanya. Yanzu!"

Minti goma ba su cika ba Injiniya ya mayar da izinin. Auta ta bi duk rahoton da ke kiran tagar ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata ta yi tun jiya. Firinta ta kama aiki. Direbobi suka yi shewa.

Kawu ya sauko da kansa, ya daɗe yana kallonsu.

"Ke, dakatarwar sati biyu. Gobe kya tambaya kafin ki taɓa abin da wasu ke dogaro da shi."

"Na gode, Kawu."

"Kai kuma ka dubi tsabar idona ka yi mini ƙarya."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Ƙarya ɗaya nake yafe wa mutum, ka kuma cinye taka. Ka turo iyayenka ranar Asabar."

Auta ta rufe fuska da takardar lodi, tana hawayen murna.

"Ba shi takardar nan kafin ki jiƙa ta," in ji Kawu. "Mota na jira."