Kaskar Shanun da Ba a Gani

Ku matso, ku rage murya. Barira abin ya faru da ita, wadda jami'a ta tura gandun daji binciken kaska. Aikinta ta ja farin ƙyalle a kan ciyawa, duk kaskar da ta maƙale ta tsince ta da matsefata ta jefa a kwalba.

Ran nan da rana tsaka, mai gadin da ke raka ta ya koma mota ɗauko ruwa. Ta ce bari ta ƙarasa wata fadama kafin ya dawo.

Ja ɗaya ta yi, ƙyallen ya yi nauyi. Ta juya shi. Kaska ce baƙi ƙirin, kowace ta sha jini ta yi tim. Alhali an shekara ashirin ba a bar saniya ta shiga dajin ba. Ta taɓa ɗaya. Sanyi kamar ƙanƙara.

Tsuntsaye suka yi tsit. Sai warin garke. Sai huci mai ɗumi a ƙeyarta. Ta waiga, ba komai, amma ciyawa na kwantawa kamar ana tattaka ta.

"Sannu da aiki, 'yar nan."

Wani dogon tsoho ne, sanda a kafaɗa. Bakinsa bai motsa ba. Daga ƙasa muryar ke fitowa.

"Yawwa, Baba."

"Me kike ɗiba a makiyayata?"

"Kaska ce kawai, Baba."

"Jinin da ke cikinta fa, na wa ne? Mayar."

Ta durƙusa, ta kakkaɓe ƙyallen, ta zazzage kwalbar. Kaskar ta yi layi, ta kama hawa iska. Tana hawa, siffa na fitowa: ga ƙafa, ga tozo, ga wuyan wani bajimi da ya fi motarsu tsayi.

"Tafi," in ji tsohon. "Kada ki yi gudu. Mai gudu suke bi."

Ta tafi taku ɗaya-ɗaya, addu'a na harɗe mata a baki, hucin na biye da ita har bakin hanya.

Mai gadin na ganin bayan rigarta ya saki jarkar ruwan. Rigar ta jiƙe sharkaf da yawu, tun daga ƙugu har wuya, lasa ɗaya. Nan take ya tayar da mota.

Wata uku ta yi kafin ta iya kwanciya rigingine.

Don haka in kun ga fadama ta yi lif, ba kashin dabba ko ɗaya a cikinta, kada ɗayanku ya shiga shi kaɗai. Tana da mai ita.