Ƙarfen Gwangwanin Madara

A can baya, lokacin da samari ke ɗaga ƙarfe a bayan ɗaki, an yi wani yaro siriri da ya ƙosa ya zama ƙato. Ya roƙi kawunsa magini ragowar siminti, ya kwaɓa, ya cika bokitan fenti biyu, ya soka bututun ƙarfe a tsakaninsu.

Kawu ya ce, "Ɗana, ka riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma. Kada ka ɗaga sai na ce."

Washegari yaro ya ƙwanƙwasa simintin, ya ji tauri. Ya ce, "Ai ya bushe." Ya tara abokansa, ya tuɓe riga, ya yunƙura. Kafin ƙarfen ya kai gwiwa, bututun ya zare, bokiti ya faɗo masa a ƙafa. Abokai suka yi ta dariya.

Kawu bai yi faɗa ba. Gwangwanayen madara biyu ya miƙa masa, ya ce, "Sake kwaɓawa."

Yaro ya dubi ƙanƙantarsu, ya haɗiye kunya, ya karɓa. Ya yayyafa ruwa safe da yamma, ya jira. Da ya bushe, ya riƙa ɗagawa safe da yamma, ana yi masa tsiya yana ɗagawa. Bai koma kan bokiti ba sai da kafaɗunsa suka cika riga.

Shekaru suka shuɗe, kawu ya rasu, yaro ya yi furfura. Wata rana jikansa ya shigo da bokitan fenti biyu, ya ce, "Kaka, siminti nake so."

Tsoho ya daɗe yana kallon bokitan. Sannan ya ce, "Jeka wajen kakarka, ka ce ta ba ka gwangwanin madara."