Ƙullin da Ba Na Yauri Ba

Ƙarfe goma na safe Inna Daso ta dire akwatin a kan teburin Sufeto Afnan, a ofishin 'yan sanda na unguwar Setapak, Kuala Lumpur. Ba ta jira an ce ta zauna ba.

"Faɗa masa an kashe mini ɗa," ta ce wa surukarta Walida, wadda ke mayar da maganar cikin Turanci. "Kuma kada ki sassauta. Yadda na faɗa haka za ki faɗa."

Ɗan nata, Yusha'u, ɗalibin digiri na uku ne a Kuala Lumpur, yana bincike kan yadda tsatsa ke cin ƙarfe a cikin teku. Wata biyu da suka wuce ya tafi Norway da abokan bincikensa, suka yi nutso kan wani tsohon jirgin tururi da ya nitse fiye da shekara ɗari. Zurfin wurin mita goma sha huɗu ne kacal. Kowa ya fito, ban da shi. Can aka binne shi, aka aiko da kayansa da rahoto.

Sufeto ya karanta rahoton. Ruwan ya kusa daskarewa. Yusha'u na cikin ɗakin injin jirgin sai na'urar numfashinsa ta yi ƙanƙara, ta buɗe, iskar tukunyarsa ta tsiyaye kafin ya sami ƙofa. Na'urar ta ruwan ɗumi ce, ba ta sanyi ba. A ƙasa an rubuta: sakacin mai nutso.

"Makcik," ya ce, yadda suke kiran dattijuwa a nan, "takardar ta ce kuskurensa ne."

"Takardar ta ci gidansu! Mu Sarkawan Yauri ne. Yaron nan a kwalekwale ya yi rarrafe. Ubansa bai taɓa barinsa ya shiga ruwa bai duba koma sau biyu ba. Ni ban iya karatu ba, amma na iya wannan."

Ta zaro na'urar daga akwatin. A wuyanta akwai shuɗin zare.

"Duk kayan ruwansa yana ɗaura musu zare da ƙullin ubansa, naɗi uku sannan a soke ta ƙasa. Zaren nasa ne. Ƙullin ba nasa ba ne. Wannan ai ƙullin ledar shayi ne, irin wadda kuke ratayawa a babur."

Sufeto ya daɗe yana jujjuya zaren. Sannan ya dubi Walida.

"Wa ya shirya masa jaka?"

"Ni."

"Har da wannan?"

Ta yi jim. "Har da ita... a'a. Ban sani ba. Kayan sawa na shirya."

Inna ba ta jin Turanci, amma ta ga jim ɗin.

"Me kike ɓoyewa, ke?"

"Wallahi babu, Inna. Baban Khaulah ya kai ta gyara shagon kayan nutso a Brickfields, ban ga dawowarta ba."

Shagon kayan nutson yana saman wani gidan abinci. Mai shagon, wani Ba'indiye mai furfura, ya karɓi na'urar, ya juya ta sau ɗaya, ya ture.

"Wannan ba ita na duba ba, lah. Tasa rufaffiya ce, ruwa ba ya shiga cikinta balle ya daskare. Wannan ta zuwa tsibirin Tioman ce, inda ruwa kamar na wanka. Kamfani ɗaya, launi ɗaya, sai ka juya gindin za ka gane."

"Ba kai ka musanya ba?"

"Ni? Ga lambar tasa a katin aiki. Gwada da wannan."

Lambobin ba su zo ɗaya ba.

"Wa ya karɓa?"

"Abokinsa. Mai ita yana ofishin biza ranar." Ya nuna sa hannun: Mika'ilu.

Da aka faɗa wa Inna sunan, sai ta tafa hannu.

"Mika'ilu! Shi ne ya zauna a tabarmar ta'aziyya yana cewa marigayi akwai garaje. A gabana! Ya ci tuwona, ya ce ɗana akwai garaje."

Da la'asar suka hau bene na tara a Taman Melati. Mika'ilu, ɗalibi ne shi ma, ya buɗe ƙofa da murmushi, ya durƙusa.

"Inna, sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri?"

"Tashi. Ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Sufeto ya zauna ba tare da an ba shi kujera ba.

"Kai ka karɓo na'urar Yusha'u?"

"Ni ne. A filin jirgi na miƙa masa, yana sauri. Ko buɗe jakar ban yi ba."

"Kana nutso?"

"Da can. Na bari, na sayar da kayan tun bara."

"Wa ka sayar wa?"

"Wani Balarabe. Ya koma ƙasarsu."

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi bango. Hoton Mika'ilu ne a bakin teku, sanye da kayan nutso, yana ɗaga yatsu biyu. A kusurwa an buga kwanan wata: makon da ya bi tafiyar Yusha'u.

"Balaraben ya ara maka?"

Mika'ilu ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Haya na yi."

A hannun ƙofar kicin akwai ledar shayi da aka ƙunso daga kedai, shagon mai shayi, an sake ɗaure bakinta. Inna ce ta fara gani. Ta cire ta, ta ajiye kusa da shuɗin zaren a kan tebur. Ƙulli ɗaya ne.

"Rabin garin nan haka suke ɗaure leda," in ji Mika'ilu.

"Gaskiya ne," Sufeto ya ce. "Shi ya sa na zo da takardar bincike. Buɗe kabad ɗin can."

Na'urar Yusha'u tana ƙasa, naɗe cikin tawul. Sufeto ya karanta lambar da ƙarfi, ya karanta ta katin shagon, suka zo ɗaya. A wuyanta akwai farin zobe inda zare ya daɗe.

Mika'ilu ya sulale ƙasa.

"Ara na yi, wallahi. Tasa ta fi tawa sauƙin jan iska, ni kuma ina da tafiya Tioman. Na san in na tambaya zai hana. Na mayar da zaren kan tawa don kada ya lura. Na ɗauka ruwa duk ruwa ne. Ban taɓa ganin ƙanƙara a teku ba, Inna!"

"Da labari ya zo fa?" Sufeto ya tambaya.

"Tsoro na ji." Walida ta mayar wa Inna cikin Hausa.

"Tsoro ka ji, sai ka ce yana da garaje?" Inna ta matso har sai da Walida ta riƙe mata mayafi. "Ya ga zarensa, ya ga hannunka, ya yarda. Ka bar shi cikin duhu yana neman iska, sannan ka zo ka ɗora masa laifin a gaban 'yarsa. Kada ka ƙara ce mini Inna."

Kofur ɗin da ya rako su ya sa masa ankwa, ya fita da shi. Maƙwabta suka leƙo, suka koma.

Sufeto ya tattara na'urorin biyu. "Makcik, sauran na kotu ne."

"Kotu ta yi nata. Takardar can ta Turawa fa?"

"Zan rubuta musu. Za a gyara. Boleh, zai yiwu."

"To ɗauki biro yanzu, ina kallo."

Ya ɗauka.

"Rubuta: Yusha'u bai yi sakaci ba."

Walida ta buɗe baki za ta fassara, sai ta kasa. Ɗan fari ne, kuma shekara bakwai tana gidan ba ta taɓa jin sunan a bakin Inna ba.

"Faɗa masa mana," Inna ta ce. "Yusha'u. Ya rubuta shi da kyau."