Kwamfuta Goma a Zauren Malam Bakari

Ranar kasuwar Gidan Rumji ce, a shekarar da sojoji ke riƙon ƙwarya, kowa na jiran zaɓe. Sha'aibu na duƙe a rumfarsa yana busar da wata salula da ta faɗa cikin kunu, sai ya ji sallama.

"Mai gyara, kana da kilabiye wanda ya mutu? Allon haruffan nan na kwamfuta nake nufi."

Ya ɗago kai. Doguwa ce, baƙa, da farin alli a gefen mayafinta.

"Mai rai ake nema, Hajiya. Me za ki yi da gawa?"

"Yara zan nuna wa."

Ta zaro wani kwali daga jaka, an zana masa haruffa da biro gida-gida. Ta ce sunanta Hamdiya, lissafi take koyarwa a kolej, amma duk Laraba da yamma tana tara ɗalibai ta koya musu kwamfuta. Makarantar ba ta da ko ɗaya. A kan kwali suke danne-danne.

Ran Sha'aibu ya ɓaci kamar shi aka yi wa. Shi bai yi nisa a lakol, wato makarantar boko, ba. Da kansa ya koyi abin da ya sani, a kan wata tsohuwar kwamfuta da ya harhaɗa daga tarkacen Maraɗi, kuma da ita yake ci, yana zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a salula. Ya san daɗin da ake ji ranar da na'ura ta fara amsa wa mutum. Ya lalubo mata kilabiye, ya ƙi karɓar komai.

"To ka zo ka ga inda gawarka za ta yi aiki," in ji ta.

Ya je. Yana shiga ta nuna shi ta ce, "Yau mun samu na'ura. Ku ba shi umarni ya zuba ruwa a kofi."

"Zuba ruwa!" yara suka ce.

Sha'aibu ya karkata buta ya yi ta zubawa, kofi ya cika, ruwa ya bi tebur ya sauka a kan takalmin malama. Aji ya kaure da dariya.

"Wa ya ce masa ya tsaya?" ta tambaya. "Na'ura ba ta da hankali, biyayya gare ta. Ku ce: maimaita zubawa har sai kofi ya cika. Idan ya cika, tsaya. Wannan shi ne shirya wa kwamfuta aiki, mataki bayan mataki."

Ta dube shi ta gefen ido, takalminta sharkaf. Daga ranar saƙonni suka fara.

"Gimbiyar alli, yau wani dattijo ya nemi wa'azi na zuba masa waƙoƙin biki. Laifinki ne."

"Mai gyara, gyara hankalinka tukuna. Ka ci abinci kuwa?"

Ya fara zuwa zance ƙofar gidansu. Mahaifinta, Malam Bakari, manomin wake ne mai ƙarancin magana. In Sha'aibu ya durƙusa ya gaishe shi, yakan amsa ne yana kallon wani wuri. Ya taɓa ce wa ɗiyarsa, "Duk karatun da kika yi, sai mai sayar da waƙa?"

Ana cikin haka Hambali ya shigo. Ɗan kasuwa ne mai fatauci zuwa Jibiya, yana neman kujerar konseye, wato kansila, ya kuma daɗe yana neman Hamdiya tana kaucewa. Wata safiya aka ga amalanke biyu a ƙofar Malam Bakari, ana sauke manyan kwalaye. Kwamfuta goma, sabbi fil. Hambali ya tsaya a gaban jama'a ya ce na yaran kolej ne, za a kai su aji washegarin ɗaurin aurensa da malamarsu, tukwicin amarya.

Da na yara ne, ai hanyar kolej ba ɓoye take ba. Amma babu wanda ya faɗi haka. Aka yi ta sa masa albarka.

Malam Bakari ya ce shi ba ya yi wa ɗiya dole. Gari kuwa bai ce haka ba. Iyayen yara suka riƙa sintiri. "Madam, ki dubi Allah ki dubi yaranmu. Mutumin nan mene ne aibinsa?"

Sha'aibu ya zauna a rumfa yana auna abin, yana juya shi ta kowace fuska. Ga shi, mutum ɗaya da zuciyarsa. Ga aji guda na yara masu danna kwali. Idan ya tsaya, ya ci haƙƙinsu ke nan? Duk yadda ya lissafa, shi ne ke fitowa mara nauyi. Ya rubuta mata:

"Gimbiya, na yi tunani. Ba zan so a ce saboda ni yara suka rasa ba. Na janye. Allah Ya san ba don na daina son ki ba ne."

Ba ta saƙo ta amsa ba. Da ƙafarta ta zo, ana tsakiyar ciniki.

"Kai ka rubuto wannan?"

"Hamdiya, yaran..."

"Kada ka ɓuya a bayan yarana! Shi ya sa mini farashi, kai kuma ka duba ka ce farashin ya yi. Wanne ya fi raina ni a cikinku?"

"Wallahi kwana na yi ina tunani."

"Ka yi tunaninka, ka yi na yara, ka yi na gari. Ni fa? Buhun wake ce da za ku yi shawara a kaina ban sani ba?"

Ta juya. Mai sayar da tsire na kusa ya sunkuyar da kai yana ta fifita wutar da ke ci da kyau.

A ranar ta gaya wa mahaifinta ba ta son Hambali. Kafin la'asar amalanken nan suka dawo suka kwashe kwalayen. Kuma ba Hambali gari ya zaga ba, ita aka zaga. Mai son kanta, wadda boko ya kumbura wa kai. Wasu suka hana yaransu zuwa darasin Laraba. Wanda ya ƙwace abu daga bakin yara yana yawo a mota ana ɗaga masa hannu, wadda ta ƙi sayuwa tana bin lungu don kada a yi mata habaici.

Da Laraba ta zagayo, Sha'aibu ya rufe rumfa, ya naɗe kwamfutarsa a bargo, ya ɗaura a bayan babur. Hamdiya ta tare shi a ƙofar aji.

"In don ni ka kawo, mayar da kayanka. An riga an gwada wannan."

Ya so ya rantse cewa don yara ne kawai, bakinsa ya ƙi. "Ban sani ba," ya ce. "Na kasa raba son ki da taimakon yaran a raina. Amma ko kin ƙi ni, kwamfutar za ta riƙa zuwa."

Ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Labari ya kai wa Malam Bakari, ya aika aka kira shi zaure.

"Kai ma ka kawo naka toshin ke nan?"

"A'a, Baba."

"In na ce na hana ka ita fa?"

"Kwamfutar dai za ta ci gaba da zuwa."

"To na hana ka. Kada in sake ganin ka a ƙofar nan."

Sha'aibu ya fita. Ya ji haushin tsohon, ya ji na Hambali, ya fi jin na kansa da ya buɗe baki ya yi alkawari. Amma Laraba ta yi, ya ɗauko bargo.

Haka aka yi ta tafiya. Aka yi zaɓe, Hambali ya ci kujerarsa, ba wanda ya tambaye shi ina kwalaye goma suka nufa. Zafi ya shigo, masu neman waƙa suka koma wata rumfa saboda tasa na yawan zama a rufe. Tsakaninsa da Hamdiya sai gaisuwa a gaban yara. Sau ɗaya ta turo saƙo:

"Mai gyara, ka rame. Ina nan inda ka bar ni. Kada ka amsa, Baba bai sake mu ba."

Yara suka riƙa bin layi, kowa ya taɓa. Ranar da wata ɗaliba ta rubuta umarninta na farko, na'urar ta tambayi sunanta ta kuma gaishe ta da shi, ihu aka yi har ana ji a kan titi. Waɗanda aka hana zuwa suka fara dawowa a sace.

Wata Laraba yana ɗaure bargo a babur, ya ga Malam Bakari tsaye a inuwar bishiyar dogon yaro. Ya durƙusa.

"Har yanzu kana zuwa?"

"Ina zuwa, Baba."

"An taɓa jibge kaya a zaurena aka mayar da ni dillalin ɗiyata. Na so in gani ko kai ma ciniki ka zo."

Sha'aibu ya ɗago kai. Zai iya yin shiru. "Baba, gaskiya ban daina sa rai ba, ko Laraba ɗaya."

Tsohon ya yi ɗan murmushi, karo na farko yana kallon fuskarsa. "Wa ya hana ka sa rai? Sharaɗi ne ba ka sa ba. Ka turo magabatanka. Kuma ka rage waƙoƙin nan, ka ƙara wa'azi."

Kafin saukar damina aka ɗaura aure. An raba goro da dabino, an yi fatiha, ɗaliban Laraba suka cika layin har mai shela ya rasa inda zai tsaya. Cikin masu guɗa har da matan da suka yi mata habaici, Hamdiya ta gane muryoyinsu ta ƙyale.

Da aka watse, ta ɗaga mayafi ta dubi angonta.

"Ka yafe wa kanka?"

"Ke kin yafe mini?"

"Na yafe. Amma daga yau duk tunanin da za ka yi a kaina, da ni za ka yi shi."

"Na ɗauka, Gimbiya."

Daga waje suka jiyo muryar Malam Bakari yana sallamar baƙi, yana cewa Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya albarkaci zuriyarsu, Ya sa kowa ya isa gida lafiya. Suka haɗa baki suka ce amin.