Shafukan da Munachi Ya Yage

"Ɗari biyu da goma?" Baba ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "Ke da kike cin ɗari uku! Da wannan makin za ki karanta Law?"

Kowace Asabar Hadassah takan gwada kanta da tsofaffin tambayoyin JAMB, ta faɗa wa Baba makin in an zauna cin tuwo a gidansu na Romi. A da, sai dai Baba ya tafa mata. Amma fa amsoshin suna bayan littafin, idonta kuma bai san kunyar leƙe ba. Munachi, saurayinta mai gyaran mota a Kakuri, shi ya kama ta. Ya yage shafukan amsoshin ya cusa a aljihu, ya ce daga yau shi zai riƙa duba mata.

"Tun da yaron nan ya sa hannu kike ci baya!" in ji Baba. "Soyayya ta cinye miki ƙwaƙwalwa. In na sake ganinsa a ƙofar nan, ni da ke ne!"

Kunya ta hana ta faɗin gaskiya. Washegari ta dira garejin Munachi a fusace.

"Ba ni takarduna! Ka ji daɗi ka ja mini zagi?"

"Ba zan bayar ba. A ɗakin jarrabawa babu bayan littafi, Hadassah."

"Mugu kawai! Wicked!"

Ta koma gida tana kuka, ta rantse ta gama da shi. Amma da Asabar ta zagayo, sai ta ɗauki hoton aikinta ta tura masa, ko gaisuwa babu. Shi ma maki kawai ya turo. Haka suka yi ta yi: makin na hawa kaɗan-kaɗan, Baba na tsaki, ita tana haɗiye baƙin ciki.

Da sakamakon JAMB ya fito, ta haye makin da ake nema. Ta durƙusa gaban Baba.

"Ɗari ukun nan na da, leƙe ne, Baba. Munachi ne ya hana ni."

Nan take Baba ya aika a kira Munachi. Da ya iso, Baba, fuska a murtuke, ya wurga masa littafin Dorcas, ƙanwar Hadassah.

"Ita ma ɗari uku take ci. Yage! In ka gama, ka wanke hannu, ga tuwo."

Mai ƙaunarka da gaske ya gwammace ka ƙi shi yau da ya bar ka kana yaudarar kanka.