Kekunan Ɗinkin 'Yan Sa-kai

"Wallahi ba ni ba ne!" in ji Mu'awiya mai sito. "Leburorin nan ne!"

"Kai dai faɗi gaskiya, yaro," in ji Hajiya Barira, mai saro wa wata ƙungiya kaya.

Insfekta Sharfuddeen ya ce su yi shiru. Jikan Hausawan Sudan ne, shi ya sa duk rigimar mutanenmu a unguwar Al Quoz, nan ƙasar Larabawa, kansa take faɗawa, bawan Allah.

Ƙungiyar ta ƙasashen waje ce, ta sayi kekunan ɗinki za a kai gida, a raba wa 'yan sa-kai da suka ajiye bindiga. Sai ga shi an kwarara musu ruwan gishiri, duk sun yi tsatsa. Makulli a hannun Mu'awiya yake, ankwa kuwa har ta fara yi masa murmushi.

Insfekta ya zaga siton. A can lungu ya ga 'yan kwalaye a bushe ƙayau, kowanne da koren ƙyallen atamfa. Jiƙaƙƙun duk ja aka ɗaura musu.

"Wannan ƙyallen fa?"

"Yadda muke gane kayanmu ne a kago, wurin lodin jirgi, ranka ya daɗe," in ji Mu'awiya. "Hajiya ce ta ɗaura. Ni ban ma san bambancinsu ba."

"Ado ne kawai," in ji Hajiya, tana gyara mayafin da bai karkace ba.

Insfekta ya buga wa ƙungiyar waya. Ashe Hajiya ta gaya musu: ja na tubabbu, kore na matan da aka kashe wa maza.

"Hajiya, wane lebura ne ya san na zawarawa har ya tsallake su?"

Hajiya ta dubi Mu'awiya.

"Sakar musu ɗa. Ni ce." Muryarta ko rawa. "Idris ɗina kasuwa ya je. 'Yan sa-kai suka ce ya yi kama da ɓarayin daji, suka yanka shi. Yau su ne da keke sabo fil, har da walima. Wai sulhu! Ni wa ya tambaye ni?"

"In kayan ba su isa ba, daji za su koma, Hajiya."

"To su koma. Can na san su."

Wata 'yar sanda ta miƙo hannu za ta riƙe ta. Hajiya ta kauce.

"Khalas, shi ke nan, ƙafata ƙalau."

Ta wuce gaba, ta maka ƙofar sito har kwalayen zawarawa suka girgiza.